Darasin labarin ƙasa a bakin Maggiya: abin da ya faru a tudu shi ake girba a fadama

A watan Agusta, a ƙauyukan da ke bakin Maggiya cikin gundumar Malbaza, akan wayi gari sama garau, ƙasa a bushe, amma ƙoramar ta cika da jan ruwa mai kumfa, tana jan karare da rassan itace. Ruwan a wani wuri ya sauka cikin dare, can arewa maso gabas a kan tsaunukan yankin Buza, ya kwana yana gangarowa. Jan da ya yi kuma ƙasar gonakin wasu ce ya kwaso. Kafin ya isa Birnin Ƙonni zai ajiye wani kaso nata a cikin madatsun ruwan da dubban manoman rani suka dogara da su.

A kwaleji da lise ana koya wa ɗalibai labarin ƙasa a kan babi biyar: siffar doron ƙasa, yanayi, koguna, ire-iren ƙasar noma, da dazuzzuka. Misalan da aka fi haddacewa na nesa ne, kamar duwatsun Abzin, kogin Isa da kurmin Kwango. Alhali wanda ya hau babur daga Ƙonni zuwa Malbaza, ya juyo ta Tsarnawa ya nufi Badagishiri da Illela, zai ratsa babin nan biyar cikin yini guda, kuma zai ga kowane babi yana riƙe da ɗan'uwansa.

Tekun da ya bar siminti a Malbaza

Gundumomin uku suna gefen kudu maso yammacin yankin da ake kira Adar-Dutsi-Maggiya. Ƙonni ta ƙunshi ƙananan hukumomin Birnin Ƙonni, Allela, Bazaga da Tsarnawa. Malbaza, wadda aka ɓalle daga Ƙonni a shekarar 2011, tana da Malbaza da Dogarawa, inda Galmi take. Illela kuwa tana da Illela, Badagishiri da Tajaye.

Abin da ido ke fara kamawa a nan shi ne tsaunuka masu shafaffen kai, kamar an yanke su da wuƙa a tsawo ɗaya. Masana duwatsu sun bayyana cewa da can duk shimfiɗa ɗaya ce, ruwa ne ya yi ta tsaga ta har kwaruruka suka raba ta gida-gida. A gabas, wajen Keita da Buza, tudun ya haura mita 600 daga bakin teku. Birnin Ƙonni kuwa bai kai mita 300 ba. Wannan rata ita ke ba ruwan damina gudu.

Duwatsun yankin a jere suke hawa-hawa, kamar tabarmi da aka ɗora kan juna. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya malale wannan kwarin mai faɗi da masana ke kira Illummedan, wanda ya haɗa yammacin Nijar da ƙasar Sakkwato da gabashin Mali. Ƙwarya da ƙasusuwan halittun ruwa suka taru a ƙasansa, suka daskare suka zama farar ƙasa mai tauri. Har yau ana tsintar burbushin kifin ƙwarya da sauran halittun teku a cikinta. Wannan dutsen ne ya sa aka kafa masana'antar siminti ta farko a Nijar a Malbaza tun shekarun 1960, kuma irinsa ne ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato don aiki iri ɗaya.

Bayan tekun ya janye, yashi da laka masu ƙarfe suka rufe farar ƙasar. Zafi da ruwa suka dafa saman har ya zama marmara, baƙin ɓawon dutsen nan da ake gani a kan tudu. Marmara tana da tauri, abin da ke ƙarƙashinta kuwa yana da laushi. Ruwa yana cin mai laushin daga gefe, marmarar ta rasa madogara ta karye, ta gangaro. Tarin baƙaƙen duwatsun da ke zube a gindin kowane tsauni shaida ce cewa aikin bai tsaya ba. Daga baya, a zamunnan da fari ya yi tsanani, iska ta kwaso rairayi daga arewa ta jibge shi a wasu wurare, musamman ta yamma. Shi ne jigawar da ake noman hatsi a kanta.

Iskoki biyu da watanni huɗu

Yanayin yankin kokawa ce tsakanin iskoki biyu. Ɗaya busasshiya ce, tana busowa daga arewa maso gabas ta kan Sahara, ita ce hunturu mai hazo. Ɗayar mai laima ce, tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Inda suka haɗu akwai iyaka da ke matsawa arewa daga bazara, ta kai ƙarshen tafiyarta a watan Agusta, sannan ta koma kudu. Damina ita ce kwanakin da iyakar ta wuce gari ta bar shi cikin iska mai laima. Tunda Ƙonni ta fi kudu, laimar kan riga isa can kuma ta fi daɗewa, shi ya sa ruwa ke raguwa in ana tafiya arewa. A shekara matsakaiciya Ƙonni kan samu kimanin milimita 500, birnin Tawa kuwa ƙasa da 400.

Kusan duka wannan ruwa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, a cikin ƴan kwanaki ƙalilan, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya. Lissafin yana da sauƙi. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Hadari guda mai milimita 40 yana zuba lita 400,000 a kan hekta, wato ganga 2,000 masu cin lita 200, wani lokaci cikin sa'a ɗaya. Ƙasar da ba ta da ciyawa ko itace ba ta iya shanye wannan, sai ya kwarara.

Sauran watanni takwas rana ce ke karɓar nata kaso. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Ruwan da ke kwance a fili, tabki ne ko madatsa, yana iya rasa zurfin da ya kai mita 2 a shekara ta hanyar tururi kaɗai. Ke nan abin da rana ke iya sha ya ninka abin da sama ke zubarwa wajen sau huɗu. Ruwan da ya nutse cikin ƙasa ne kawai ya tsira daga wannan asara.

Shekaru ma ba su yin daidai. Shekarun 1950 da farkon 1960 sun yi albarkar ruwa, jama'a suka faɗaɗa gonaki har kan gangare. Sai farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka zo, itatuwa suka mutu, dabbobi suka ƙare. Ruwa ya ɗan farfaɗo daga shekarun 1990, amma yana zuwa da ƙarfi kuma ba tabbas. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma jihar Tawa tana cikin waɗanda abin ya taɓa.

Maggiya da madatsunta

Babu kogin da ke gudu shekara zagaye a gundumomin uku. Akwai ƙoramu da ke kawo ruwa da damina su ƙafe da rani. Babbarsu ita ce Maggiya. Tana tasowa daga tudun Adar, ta bi kudu maso yamma ta yankin Dogarawa da Malbaza da Tsarnawa, ta wuce Ƙonni ta tsallaka iyaka, ta ƙare a tabkin Kalmalo kusa da Illelar Najeriya, wadda take daban da Illelar jihar Tawa. A arewa kuma akwai kwarin Badagishiri da ya nufi yamma ta cikin gundumar Illela.

Duk filin da ruwansa ke taruwa a ƙorama ɗaya, daga kan tudu har ƙasan kwari, masana na ɗaukarsa a matsayin gida ɗaya, ko da ya ratsa ƙananan hukumomi da dama ko ƙasashe biyu. Saboda haka ne yarjejeniyar da Nijar da Najeriya suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai ta ambaci Maggiya da sunanta, tare da Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe.

A kan Maggiya aka gina madatsun Mozage da Zango. Daga can ruwa ke bin babbar lambatu zuwa ma'ajiyar Cerasa, sannan a raba shi a filin noman rani na Ƙonni, wanda aka shimfiɗa a matakai biyu daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Filin ya haura hekta 2,000, yana ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA da ƙungiyoyin manoma, kuma an sake gyara hanyoyin ruwansa da tallafin hukumar MCC ta Amurka a yarjejeniyar da ta fara aiki a 2018.

Madatsa tana tare ruwa, tana kuma tare abin da ruwan ya ɗauko. Da zarar gudun ruwa ya ragu, yashi ya fara kwantawa, laka ta biyo baya. Kowace damina ƙasan madatsar yana ɗan tasowa. Ruwan da take iya riƙewa ya ragu, wanda ya saura kuma ya baje ba zurfi, rana ta fi saurin shanye shi. Sakamakon yana bayyana ne a watan Fabrairu da Maris, lokacin da mai alkama ko albasa ko tumatir ke jiran ban ruwa na ƙarshe. Gyaran lambatu yana rage yoyo a hanya, amma lakar daga sama take zuwa, daga gonakin da ke nesa da madatsar da kilomita masu yawa.

Ƙasa huɗu a gangare ɗaya

Manomin Adar ya san ire-iren ƙasa da sunayensu tun kafin a buɗe makarantar boko, kuma rabonsa ya yi daidai da na littafi. A kan tudu akwai ƙasa marar kauri a bisa marmara, mai tsakuwa, wadda da can makiyaya ce da wurin itacen girki. A gindin tsauni akwai shimfiɗa mai ɗan gangare wadda in ta rasa ciyawa takan zama faƙo. Sai jigawa, mai sauƙin huɗa da shan ruwa amma mai ƙarancin taki, gidan hatsi da wake. A ƙasan kwari kuma fadama, baƙar ƙasa mai laka da ke riƙe laima, inda ake dawa da damina, a yi garake da rani.

Faƙo shi ne mabuɗin matsalar. Ɗigon ruwan sama yana dukan ƙasar da ba ta da rufi, ya farfasa ta, ƙananan ƙwayoyin su toshe ƙofofin da ruwa ke bi. Rana ta gasa wurin ya zama ɓawo mai santsi kamar daɓe. Iri ba ya tsira a kai, ruwa ba ya shiga. Abin da ya kwarara daga faƙo yana taruwa a ƴar hanyar shanu ko sawun amalanke, ya fara ƙwaƙule. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƴar tsagar da yaro ke tsallakewa bana, bayan ƴan shekaru ta zama kwazazzabon da ya raba gona biyu, yana kwasar yashi yana zubawa a kan fadama.

Fadama kuwa da abin da ke saukowa take rayuwa. Ruwa mai tafiya a hankali yana baje mata laka mai taki, yana nutsewa cikin yashin da ke ƙarƙashinta. Wannan ajiyar ce masu albasar Galmi ke jawowa da rijiyoyi da burtsatse da injin ban ruwa, albasar da sunanta ya kai kasuwannin Abijan da Akara. Ruwa mai gudu kuwa yana haƙa wa kansa hanya mai zurfi ya wuce cikin ƴan sa'o'i, bai jiƙa gefen kwarin ba, rijiyoyi su yi ƙasa.

Dajin da ke cikin gona

Babu kurmi a wannan yanki. Dajinsa na Sahel ne: geza da sabara da anza a kan tudu, kalgo da aduwa da magarya a jigawa, bagaruwa a inda ruwa ke kwanciya, gawo a cikin gonaki. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, da rani kuma ya yi ganye da ƴaƴan da dabbobi ke taruwa su ci, su bar taki a gindinsa. Tumfafiya kuwa in ta yi yawa a fili, manoma sun san ƙasar ta gaji.

Aikin itace a kan ruwa a fili yake. Ganye yana karya ƙarfin ɗigon ruwa, busasshen ganye yana jawo gara ta huda ƙasa, saiwa tana riƙe gangare. Amma buƙatar itacen girki da sabbin gonaki tana ƙaruwa tare da jama'a. Ƙidayar 2001 ta samu kusan mutum miliyan 2 a jihar Tawa, ta 2012 ta samu fiye da miliyan 3 da dubu 300.

Kwarin Maggiya yana da tarihin gyara da aka sani har ƙasashen waje. Daga 1975, a ɓangarensa na sama cikin yankin Buza, jama'a da ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka dasa dogon yaro layi bibbiyu, tsakanin kowane jeri da na gaba kimanin mita 100, don kare gonaki daga iska. Jerin ya kai ɗaruruwan kilomita. A shekarar ce kuma aka fara bikin dasa itace na ranar 3 ga Agusta. Daga tsakiyar shekarun 1980 wata dabara mai arha ta bazu daga jihar Maraɗi: maimakon a ƙone kututture lokacin sassabe, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su girma. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, ba ta buƙatar ban ruwa.

Abin da Illela ta nuna

Misali mafi kusa yana gundumar Illela. A 1989 wani shiri da asusun FIDA na raya aikin noma ya tallafa wa ya kai wasu manoman yankin Yatenga ta ƙasar Burkina Faso. A can suka ga yadda ake farfaɗo da faƙo da ramuka, dabarar da Yakuba Sawadogo ya shahara da ita. Da suka dawo suka gwada a gonakinsu, suka haɗa da tassar da kakanninsu suka sani.

Tassa rami ne mai zurfin kimanin santimita 15 zuwa 20. Ana haƙa shi da rani, a tara ƙasar a gefen da ruwa zai fice, a zuba tafin taki a ciki. Ruwan da zai kwarara sai ya tsaya a ramin, takin ya jawo gara, gara ta buɗe hanyoyi, hatsi ya tsira a inda shekaru ba a ga ko ciyawa ba. A wuri mai faɗi ana yin rabin wata, wato shinge mai siffar jinjirin wata da bakinsa ke kallon tudu, kimanin 300 a hekta. A kan gangare ana jera duwatsu a gicciye don rage gudun ruwa. A cikin kwari kuma ana gitta gajeren bango na dutse da siminti wanda ke tilasta wa ruwa ya baje a kan fadama maimakon ya bi rami ɗaya.

Damina mai ƙarancin ruwa ta 1990 ce ta gamsar da maƙwabta, domin gonakin tassa sun ba da amfani a inda na kusa da su suka ƙone. Cikin shekaru goma aka farfaɗo da dubban hektoci a yankin Badagishiri da Illela. Faƙon da da ba mai so ya samu kasuwa, mutane suna saye don su gyara, matasa suka koyi haƙar tassa a matsayin sana'ar rani. A ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya hauro da mitoci masu yawa har mata suka buɗe garake.

Aikin ba shi da sauƙi. Hekta ɗaya tana cin ramuka dubbai a ƙasa mai tauri cikin zafin bazara, a daidai lokacin da ƙarfafan gida da yawa suka tafi ci-rani Najeriya ko Kodebuwa ko Libiya. Taki ma sai mai dabbobi da amalanke. Akwai kuma batun mallaka: tudun da kowa ke kiwo a kai, in aka gyara shi, wa ke da shi, kuma ina makiyayi zai bi da garkensa? Irin waɗannan tambayoyi ne kwamitocin kula da filaye da aka kafa ƙarƙashin dokar karkara ta 1993 ke zama a kansu tare da sarakuna da masu gari. Wahala mafi girma ita ce wanda ya sha aikin a kan tudu ba lallai ne shi zai ci ribar madatsa ba. Manomin Tsarnawa ko Ƙonni da ke ban ruwa da rani yana da ruwa da tsaki a ramukan da wani ke haƙa a sama da Dogarawa, ko da ba su taɓa haɗuwa ba.

Malamin labarin ƙasa a kowace kwalejin yankin yana iya nuna wannan duka ba tare da ya kashe ko dala ba. A ɗebi ruwan Maggiya cikin gorar roba bayan babban hadari, a ajiye ta kwana, a auna kaurin lakar da ta kwanta da rula. A sake ɗiba daga ƙaramar ƙorama da ke gangarowa daga filin da aka yi wa rabin wata, da wata daga faƙo tsirara, a jera gororin a kan tagar aji da kwanan wata a jikin kowace. Ajin da ya riƙe wannan rajista damina bayan damina zai iya gaya wa magajin gari wace ƙorama ce ta fi kai wa Mozage laka, kuma daga wane tudu ya kamata a fara aikin rani mai zuwa.